Motar shara ba ta shigowa lungunmu, laifi ne in ƙona sharata a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matar aure ce a Tudun Wada, nan Gusau, ina da yara huɗu. Lungunmu matsattse ne, motar kwasar shara ba ta shigowa, kuma inda ake tarawa a bakin titi yana da nisa da mu. Shi ya sa duk bayan kwana biyu, idan na gama sharar yamma, sai in tara a kusurwar tsakar gida in cinna mata wuta. Yanzu maƙwabciyata ta aiko wai hayaƙin yana tayar wa ɗanta asma. Ni kuwa a ganina ƙonawa ta fi zubawa a kwata, kuma haka muka taso muka ga iyaye suna yi. Ƙanena ɗan makaranta yana ta ce mini a riƙa ware shara ana sake sarrafa ta, na ce masa wannan sai Turai. Don Allah, kai da ka daɗe kana aikin duba-gari, ina gaskiyar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya raya zuri'a, ya ba yaron maƙwabciyarki lafiya.

A kan kwata kam kin yi gaskiya. Duk wanda ya taɓa kwana yana kwalfar ruwa daga ɗaki a watan Agusta saboda leda ta toshe kwalbati ba zai yi miki gardama ba. Sai dai maƙwabciyarki ma ba ƙarya ta yi ba, kuma akwai abin da kara ta hana ta faɗa: yaranki huɗu sun fi ɗanta kusa da wutar nan. Shi ƙirjinsa mai saurin nunawa ne, shi ya sa aka ji. Naki suna shaƙar wanda ya fi nasa yawa, ba su dai fara tari ba ne, ko kuwa sun fara an ce sanyi ne.

Kin ce haka kika ga iyaye suna yi. To mu tuna abin da ke cikin sharar gidan kakarki: ƙasar da tsintsiya ta kwaso, toka, ƙaiƙayi, karmami, ɓawon gyaɗa, kashin awaki, fasasshiyar ƙwarya, tsumman auduga. Goro a ganye yake zuwa, mai a kwalba, nono a ƙwarya. Kuma mafi yawan wannan sharar ba ta ganin wuta ko kaɗan. A jibji ake tara ta, idan bazara ta yi a cika mangala, jaki ya kai gona. Manoman kewayen manyan garuruwa, musamman na Kano, har neman ta suke yi su saya. Yanzu ki ɗauki kara ki tona sharar da kika tara jiya. Ledar fiya-wata, baƙar leda, ledar taliya da ta omo da ta magi, famfas, gorar lemo, tsinkakken silifas, guntun soson katifa, batirin tocila, wataƙila har da gwangwanin maganin sauro. Ashanar ce kawai kuka yi tarayya da kakarki. Abin da ake cinna wa ya canza gaba ɗaya, kuma idan kiɗa ya canza ai dole rawa ta canza.

A ƙasashen da ake ƙona shara da gaske, cikin tanderu na musamman ake yi. Dokar Tarayyar Turai ta ce sai hayaƙin ya kai zafin digiri 850, ya tsaya a haka aƙalla daƙiƙa 2, sannan a bi da shi ta matatai kafin a sake shi sama. An sa wannan sharaɗin ne saboda ƙasa da wannan zafin gubar da ke cikin hayaƙin ba ta wargajewa. Wutar tsakar gida ko kusa ba ta kai nan. Za ta tashi da ƙarfi na ɗan lokaci, ledar sama ta narke ta lulluɓe sauran, ga danshin ragowar abinci, ga ƙasa ta danne, iska ba ta samun shiga. Sai ta kwanta tana ci a ciki, tana fitar da wannan hayaƙi mai kauri da ɗaci wanda ke kai wa har bayan isha'i. Mutane sukan ce ai ta mutu, alhali a lokacin take fitar da mafi munin abin da za ta fitar.

Cikin hayaƙin akwai ƙura mai tsananin laushi wadda masana ke kira PM2.5; sai an jera kusan 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci ba ya tare ta, tari ba ya fitar da ita, tana wucewa can ƙarshen huhu, wata ma har cikin jini. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, jariri kuwa sau 30 zuwa 60, ga huhunsa bai gama ginuwa ba. Sannan kin zaɓi lokacin da ya fi kowane muni, ko da yake na san lokacin sharar ne ya zo da haka. Idan rana ta faɗi ƙasa tana hucewa, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, ta sama mai ɗumi ta rufe ta. Hayaƙi ba ya samun hanyar tashi. Ki fita ƙofar gida bayan magariba a lokacin hunturu ki duba unguwa, za ki gan shi a kwance daidai tsayin katanga, yana bin lungu, yana shiga ta taga. Lokacin ne aka shigar da yara ɗaki aka rufe ƙofa saboda sauro, wato an rufe su tare da shi har gari ya waye.

Wannan shi ne wanda hanci ke ji. Akwai wanda ba a ji. Wani nau'in roba da ake kira PVC, fiye da rabin nauyinsa sinadarin kulorin ne. Shi ne ledar ɗaki, tiyo, bututun ruwa, rigar wayar lantarki, wasu takalman roba da jakunkunan da ake yi da fatar roba. Idan ya ƙone a wuta mara ƙarfi yana haifar da guba mai suna dayoksin. In yi wa ledar fiya-wata adalci, ita babu kulorin a jikinta, amma tulin shara gauraye yake, gishirin ragowar abinci da guntun jan waya sun isa su taimaka gubar ta haɗu. Dayoksin yana sauka a ƙasa, yana zama cikin toka, kuma maiƙo yake so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na wanda ke shiga jikin ɗan'adam ta abinci yake shiga, nama da madara da kifi, kuma kafin rabin abin da ya shiga ya fita sai shekara 7 zuwa 11. An tabbatar mafi ƙarfinsa yana jawo sankara, yana kuma taɓa garkuwar jiki da ginuwar ɗan tayi. Yanzu ki tuna wa ke fara zuwa wurin tokar da safe. Kajinki ne, suna tono suna tsatsar ƙasa. Abin ya shiga kitsensu, ya shiga gwaiduwar ƙwai, ƙwan kuma a dafa wa ƙaramin yaro don ya yi ƙarfi. Wani rahoto na 2019 ya nuna an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, wanda a lokacin wurin ƙona tarkacen lantarki ne a Akara ta Gana, aka samu dayoksin mai yawan da ya girgiza masu binciken. Tsakar gidanki ba ta kai can ba, amma hanyar da gubar ke bi iri ɗaya ce. Ko a Amurka, da aka tsaurara wa masana'antu, hukumar muhallinsu ta gano cewa ƙona shara a ganga a bayan gida ya zama ɗaya daga manyan hanyoyin da wannan guba ke fita.

Soson katifa da na kujera kuwa hayaƙinsa yana ɗauke da wata guba mai suna sayanayid, shi ya sa a gobarar ɗaki hayaƙi kan kashe mutum kafin wuta ta iso shi. Gwangwanin feshi, na sauro ko na turare, ko ya ƙare yana iya tashi kamar harsashi. Batirin waya haka nan. Ga iskar hunturu, tartsatsi ɗaya ya ishi danga ko rumfar kara, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a bar wuta a gida idan za a kwanta barci.

Amma abin da nake so ki fi riƙewa, mu mutanen Zamfara mun riga kowa saninsa, kuma da tsada muka sani. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya aka ga har da Bagega. Sama da yara 400 suka rasu. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, a tsakar gidan da ake shanya hatsi, dutsen kuma cike yake da dalma. Ƙurar ta zauna a ƙasa, yaro ya yi rarrafe, ya sa hannu a baki. Da aka zo gyara, babu maganin da ya yi amfani sai da aka kankare ƙasar saman gidajen aka kwashe, aka zubo sabuwa, don idan an yi wa yaro magani ya koma wannan ƙasar, cutar ta dawo. Ba zinariya kike niƙawa ba, na sani. Amma dalma tana cikin batirin mashin, da na sola, da ɗan ƙaramin batirin da ke cikin yawancin fitilun caji masu araha. Zaiba, ita ma guba ce, tana cikin dogon ƙwan lantarki da mai murɗe-murɗen nan. Irin waɗannan wuta ba ta cinye su. Dalma tana narkewa ne a digiri 327, wata ta bi hayaƙi, sauran ta zauna a toka, a daidai inda autanki ke zama yana wasan ƙasa. Kuma likitoci sun ce babu wani adadi na dalma a jinin yaro da za a ce ba komai. Kaɗan ma tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, ba tare da zazzaɓi ko wata alamar da uwa za ta gani ba. Saboda haka kusurwar da kika daɗe kina ƙonawa, ki yayyafa mata ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare tokar da ƙasar sama kamar kaurin yatsu huɗu, a ɗura a buhu a kai bola, a zuba sabon yashi. Kada ta je gona, kada a zuba wa shukar alayyafo, balle a tace ta a yi ruwan toka na miya.

Tunda muna wajen wuta, bari in tsoma baki a madafa. Hura gawayi da leda ya zama ruwan dare. A murɗe baƙar leda a kunna, tana ɗiga a kan gawayin, mace ta sunkuya tana fifita, fuskarta a cikin hayaƙin, goyo a bayanta, sau biyu ko uku kowace rana. Totuwar masara, ɓawon gyaɗa, guntun kara, ko takarda da aka ɗan shafa wa tsohon man suya, duk suna kama gawayi. Sun fi leda jinkiri da ɗan kaɗan, shi ke nan.

To, ina mafita? A nan ƙanenki ya fi ki gaskiya, amma shi ma ya ɗauka abin daga littafi ya zo. Ɗan gwangwan da ke bin lungu da sikeli, da mai zoɓo da ke sayen gora, da manomin da ke neman taki, su ne masu sake sarrafa shara a garin nan, tun kafin a fara koyar da shi a aji. Abin da ke hana su amfana da sharar gidanki guda ne: kina haɗa ta wuri ɗaya. Da zarar ruwan miya da famfas sun taɓa kwali da gora, sun tashi daga kaya sun koma ƙazanta, babu mai so sai wuta. Warewar kuma ba a jibji ake yi ba, wannan wahala ce da ƙyanƙyami. A hannu ake yi, lokacin da za a yar. Buhu ɗaya a rataye a inuwa na busasshen kaya, tsohon bokiti mai murfi a madafa na jiƙaƙƙe, ya wadatar a fara.

Idan kin yi mako ɗaya a haka za ki ga abin mamaki: mafi nauyin sharar gidan Bahaushe ƙasa ce da toka da abin da ke ruɓewa. Ƙasar tsintsiya a rairaye ta a cike kwarin ƙofar gida. Ƙanzo da dusa da ɓawon dankali na dabbobi ne, idan ba ki kiwo akwai mai yi a lungun. Sauran, wato ganye, ɓawon albasa, kashin kaji da na awaki, tokar itace tsantsa, su ne taki. A haƙa rami a inuwa, faɗi da zurfi kamar mita ɗaya, ko a sami tsohuwar ganga a huhhuda gindinta idan gidan siminti ne. A shimfiɗa busasshe, a ɗora ɗanye, a barbaɗa kashin dabba da ɗan toka, a rufe da ƙasa kaɗan don ƙuda, a yayyafa ruwa. Ruwan wanke shinkafa ya isa. Danshin da ake so shi ne idan kin dunƙula a hannu ya haɗe amma bai ɗiga ba. Ki soka sanda a tsakiya ki bar ta. Idan kin zare bayan 'yan kwanaki kin ji ta da ɗumi, aiki yana tafiya. Idan wari ya tashi ruwa ya yi yawa, a ƙara busasshe a juya. Nama, ƙashi da mai kada su shiga, ɓera suke kira. Ana juyawa duk mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙi mai ƙamshin ƙasar farkon damina. Sinadarin naitirojin da manomi ke biyan kuɗi mai yawa ya saya a buhun yuriya, shi ne farkon abin da ke bin hayaƙi idan an ƙona ganye. Toka ba ta riƙe shi. A jihar da take kirari da noma, ƙona wannan asara ce tsagwaronta. Ko ba ku da gona, masu lambu a bakin gulbi ba za su ƙi shi ba.

Buhun busasshen kaya kuma kuɗi ne, ko da ba masu yawa ba. Ƙarfe, gwangwanin lemo na alminiyam, tagulla, fasasshen bokiti da baho da kujerar roba, tsofaffin silifas, kwali, duk ana awonsu. Alminiyam maƙera masu zubi ke narkawa, roba mai tauri kuma a tara ta a lodi zuwa Kano, inda injina ke niƙa ta a narka a fitar da buta da bokiti. Batirin mashin da na sola suna da daraja sosai wajen masu saye. A ba su shi a rufe yadda yake, kada a bar yaro ya fasa don wai dalmar ciki ta fi tsada. Shawarata ita ce ke da kanki ki riƙa cinikin, a ƙofar gida, ko maigida. Idan aka sakar wa yara harkar gwangwan, yau tsohon gwangwani ne, gobe murfin tukunyarki ne, jibi kan famfon maƙwabta. Kuma idan mai saye ya ce zai ƙona waya a nan don ya ciri jan ƙarfen, a ce masa ya fere da wuƙa ko ya yi gaba.

Ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai abin da ba ya sayuwa. Ledar fiya-wata ana sake narka ta, amma ba ta da nauyi, sai an tara buhu-buhu, busasshiya mai tsafta, kafin mai saye ya kalle ta, kuma ba kullum ake samunsa ba. Masu renon itatuwa suna amfani da ita wajen dashe, wannan ma hanya ce. Baƙar leda da ledar biskit da ta omo mai ƙyalli a ciki kuwa kusan babu mai so. Maganinsu tun daga kasuwa yake: yaro ya tafi awo da kwano, cefane da jaka ko kwando, mai da kwalbarsa, ƙosai da koko a mazubi mai murfi, wanda dama ya fi lafiya a kan zuba abu mai zafi a leda. Wadda ta shigo duk da haka, a cusa ta cikin buhu a danne. Leda idan ta bushe ba ta wari, ba ta kiran ƙuda, za ta iya jiran wata guda. Abin da ba a so shi ne ta yi yawo, don duk mahaucin da ke fiɗa a mayanka zai gaya miki irin dunƙulen ledar da yake cirowa daga tumbin akuya, wadda mai ita ya yi ta ba ta magani yana mamakin ramar da take yi.

Famfas da audugar mata su ne masu wuya, kuma na san dalilin da ya sa mata da yawa ke ƙona su: kunya, da gudun kada su faɗa hannun da bai dace ba. Amma a jiƙe suke, ba sa ci, sai dai su yi ta turnuƙe gida. A kakkaɓe kashin a masai, a naɗe sosai a ɗaure. Kada a jefa famfas ɗin kansa a masai, ba ya ruɓewa, zai cika ramin da wuri ya kuma hana masu kwasa aiki. Kwata kuwa haramiyarsa ce: a 2021 kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, kuma hanyarta ita ce kashi ya sadu da ruwan sha. Idan babu mai kwasa, a binne shi da zurfi, nesa da rijiya. Komawa ga ƙunzugun tsumma da rana, a bar famfas sai dare da unguwa, yana rage shi fiye da rabi, aljihun maigida ma ya huta. Allura da reza a tara su a gora mai kauri a rufe. Robar maganin feshin gona a ɗauraye sau uku, ruwan a zuba cikin tankin feshin, a huda ta don kada wani ya mayar da ita ta ruwan sha.

Bayan duk wannan, abin da zai rage miki a mako ba zai cika buhu ɗaya ba. Shi ne rabon motar shara. Za ki iya cewa, ai can ma inda ake kaiwa wuta ake sa masa. Sau da yawa haka ne. Manyan bololinmu a buɗe suke, wani lokaci ma iskar gas da ruɓa ke fitarwa ce ke kamawa da kanta. Ban ce wannan daidai ba ne, kuma gyaransa yana wuyan hukuma. Amma guba da yawanta da kusancinta take cutarwa, kuma wutar da ke bayan gari daban take da wadda ke taku biyar daga gadon jariri. Ta fuskar doka, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a babban birni kuma hukumar tsaftar muhalli ta jiha tana ɗaukar kaso mai yawa na aikin. Hukumar NESREA ta tarayya, mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2011 kan ƙona daji da ƙone-ƙone a fili. Wato kwasar haƙƙinku ce, ƙonawar kuma ba ta da mafaka a doka, ko da ba a cika kama kowa ba. Mu a wajen aiki, hayaƙin da ke shiga gidan wani abu ne da ake iya kawo ƙara a kansa, kuma kafin doka akwai hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa.

Idan ta kama dole sai an kunna wuta, to busasshen ganye da takarda kawai, kaɗan-kaɗan, da hantsi lokacin da rana ta ɗaga iska tana tashi sama, a waje ba cikin gida ba, babba yana tsaye da bokitin ruwa har ta mutu murus. Takardu masu ayoyi da sunan Allah, waɗanda ake ƙonawa don girmamawa, dama ba a haɗa su da shara. A ƙona su su kaɗai a wuri mai tsarki, a binne tokar.

Saura batun nisa da bakin titi, wanda ba ke kaɗai ya dama ba. Duk gidan da ke lungun nan matsalarsa ke nan, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki fara da maƙwabciyar nan, ki shiga ki duba yaron, ki gaya mata kin bari. Ita ce za ta fi kowa tsaya miki. Ku sa mazajenku su sami mai unguwa, a rubuta takarda da sa hannun magidanta zuwa ga kansila da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a nemi a sa muku mazubi ko a tsayar da ranar zuwan mota a wuri mafi kusa da za ta iya tsayawa. Takarda mai kwanan wata da kwafi a hannun mai unguwa ta fi ƙorafin baki nisa. Kafin a amsa, gida goma ko goma sha biyar su haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa duk mako, a ɗauki mai kura ko mai baro guda ɗaya sananne, ya riƙa bi gida-gida a rana tsayayya. Wannan ya fi a miƙa wa almajiri bokiti da 'yan canji. Yaro ne, bokitin ya fi ƙarfinsa, kwalbatin farko da ya gani nan zai juye, ta dawo muku da damina. Shi ma mai kurar a yi sharaɗi da shi tun farko a gaban mai unguwa kan inda zai riƙa kaiwa, a biya shi bayan ya dawo, kuma a makonnin farko a sa wani saurayi ya bi bayansa ya ga inda yake juyewa.